Maganar da Na Rage

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, cikin gundumar Mayahi. Ni kuwa a Tasawa aka haife ni, can na yi lakwal har na samu bak, sannan na taho Yamai karatun ilimin harsuna. Duk hutun damina a gidansa nake yi tun ina ƙarama. Shi ne mutum na farko da ya fara ce mini "malama", tun ban iya rubuta sunana ba, don wai na cika tambayar ma'anar kalmomi. In ya ce "hauya" sai na ce don me ba a ce mata wani abu ba. Sai ya yi dariya ya ce, "Ke ɗiyar nan, wata rana sai kin tambayi hatsi wa ya raɗa mishi suna."

Tabon ya fito masa ne a tafin ƙafar dama, wajen dunduniya. Baƙi ne, bai fi girman ƙwayar wake ba sa'ad da matarsa ta fara lura da shi. To, ƙafar manomi wa zai tsaya duba ta? Ga faso, ga kaushi, ga ƙarangiya da ƙayar aduwa da ke shiga kullum a cire. Shi da kansa cewa ya yi ƙaya ce ta karye a ciki. Wasu suka ce tawadar Allah ce. Da abin ya yi faɗi ya soma tsattsafo da ruwa, aka kai shi wajen wanzami ya tsaga, bai tarar da ƙaya ba. Aka riƙa wankewa ana barbaɗa garin bagaruwa. Ya bushe, ya dawo, ya bushe, ya dawo. Sunansa ya tashi daga tabo ya koma miki, daga miki ya koma gyambo. Kusan shekara biyu ana haka.

A nan wajenmu "likita" wuri ne, gidan da ake zuwa neman magani, mutumin kuwa "lokotoro" muke ce masa. Na faɗi haka ne don ƴan uwanmu na Najeriya da wannan ɗan littafi zai iya faɗawa hannunsu. Kawu ya je ƙaramar likita ta kusa da su, aka wanke aka ɗaure. Daga baya aka tura shi gaba, aka yanki ɗan nama daga bakin mikin aka aika awo. Da takarda ta fito aka ce sai Yamai. Daga Tasawa zuwa Yamai ya haura kilomita 700. Ya sayar da tumaki biyu da buhun wake, ya hau kar shi da babban ɗansa, suka iso cikin watan Yunin 2024, daidai lokacin da mutane suka zuba wa sama ido suna jiran ruwan shuka.

Ni ce ƴar lakwal, ni ce ke zaune a garin, don haka ni na shiga da shi. Lokotoron mutumin kirki ne, amma Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki. Ya duba ƙafar, ya lallatsa matsematsin Kawu, ya karanta takardar, sannan ya juyo gare ni ya yi magana da Faransanci. Ya ce sunan ciwon melanom, wato sankarar fata ce mai tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ya ce kaurinta ya wuce milimita 4, kuma wannan ba labari ne mai daɗi ba. Ya ce dole a yanke ta da faɗi, watakila har da wani sashe na dunduniyar, a kuma duba ƙulullutan matsematsi, kuma kada a wuce makonni kaɗan. Ya ce in an bari za ta bi jiki, in ta bi jiki kuwa abin da ke hannunsu kaɗan ne. Ya yi minti uku ko huɗu yana magana.

Kawu ya dube ni ya ce, "Mi ya ce, malama?"

Na ce, "Kawu, ya ce miki ne mai taurin kai. Wai sai an yi aiki an cire shi."

Ya ce, "Yanzu-yanzu?"

Na ce, "In da hali."

"In da hali." Kalmomi uku ke nan, kuma ba lokotoro ne ya faɗe su ba, ni na ƙara. Shi kuwa mutumin da ya bar gona ba shuka, ga iyali goma sha ɗaya, ga rumbu ya kusa ƙasa, in ka ce masa "in da hali" ai ka ba shi amsa. Ya ce to bari ya koma ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, in an yi girbi ya dawo da kuɗin hannunsa. Na buɗe baki in gyara, na kasa. Ban taɓa furta kalmar "sankara" a gaban babba ba. A gidanmu ba a kiran sunanta, sai dai a ce "mugun ciwon nan" ko "ciwon daji", kamar wani abu ne da ke can nesa bayan gari. Na ce wa raina ai wata huɗu ne kawai.

Cikin watan Oktoba, a ɗakinmu na kwanan ɗalibai, abokiyar zamana mai karatun aikin lokotoro ta shigo tana cewa an ba wasu Amurkawa biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, kyautar Nobel ta fannin lafiya ta 2024 saboda gano wani abu wai shi mikro-ARN. Na ce mene ne shi kuma? Ta ce, "Ke ai ya kamata ki fi kowa ganewa, duk kalmomin fanninku munka ara." Ta jawo takarda ta yi mini zane. Abin da zan faɗa yanzu daga wannan dare ya fara, sauran kuma na bi shi da karatu a hankali, da ƙamus a gefe.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Tun a nan Hausa ta fara ba ni wahala, don "ƙwaya" ita ce ta hatsi, ita ce ta magani, ita ce ta cuta, ita ce ta ido. Bari in ce "ƙwayar jiki". A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai kundi guda, ADN, wanda aka gada daga uwa da uba, kuma a cikinsa akwai umarni kimanin 20,000 na yadda za a ƙera furotin, wato kayan aikin da ke tafiyar da jiki. Kundin da ke cikin ƙwayar fata shi ne dai ke cikin ta hanta da ta ƙwaƙwalwa. Abin da ya bambanta su shi ne wane shafi ake karantawa, kuma da wane ƙarfi. Kundin ba ya fita daga ɗakinsa. In ana son wani umarni sai a kwafe shi a ƴar wasiƙa, wadda ake kira ARN ɗan aike, a kai ta inda za a mayar da ita furotin. Matakin farko masana suna ce masa kwafar rubutu, na biyun kuma fassara. Wallahi haka suke cewa, fassara. Harshen wasiƙar baƙaƙe huɗu gare shi kacal: A, U, G, C.

Ambros da Ruvkun ba a jikin mutum suka yi aikinsu ba. Wata ƴar tsutsa ce da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, mai suna C. elegans. A 1993 Ambros da abokan aikinsa, Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum, suka nuna cewa wani umarni mai suna lin-4 ba ya haifar da furotin ko kaɗan. Abin da yake fitarwa ɗan guntun ARN ne mai baƙaƙe 22. A lokaci guda Ruvkun ya nuna cewa wannan ɗan guntu yana zuwa ya manne a jikin wasiƙar wani umarni, lin-14, ya hana a fassara ta. Shekaru bakwai mutane suna ɗaukar abin a matsayin al'adar tsutsa kawai. Sai a 2000 ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma tarar da shi a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. Yau an san mutum yana da irinsu fiye da 1,000.

Yadda suke aiki shi ya tsaya mini a rai. Mikro-ARN ba ya goge kundi, ba ya canza abin da aka rubuta. Tsakanin mai aike da wanda aka aika wa yake tsayawa. Baƙaƙe shida zuwa bakwai na farkonsa ne ke neman inda suka dace a jikin wasiƙa, in sun samu sai ya manne, wasiƙar ta lalace ko a rage fassara ta. Sau da yawa ba ya kashe saƙon ɗungum, rage masa ƙarfi yake yi. Kuma guda ɗaya yana iya taɓa wasiƙu ɗaruruwa. Abokiyata tana cikin bayani ta ga na yi shiru, ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ban gaya mata cewa na san wani mai irin wannan aiki ba, wanda aka ba shi maganar minti huɗu ya isar da jimla biyu.

Amma kada in yi wa mikro-ARN rashin adalci, don shi ragewarsa ita ce lafiyar jiki. A nahawu mun koyi cewa ƙananan kalmomi su ke riƙe da jimla. Ɗauki "kada". Gaɓa biyu ce, ba ta da jam'i, ba ta nuna wani abu da za ka taɓa da hannu. Amma cire ta daga "kada ka tafi" ka ga abin da ya rage. Ƙwayar jiki tana rayuwa ne cikin "kada" masu yawa: kada ki rabu biyu yanzu, kada ki bar wurinki, kada ki ci gaba da rayuwa in kin lalace. Wasu daga cikin waɗannan hane-hane furotin ne ke ɗauke da su, wasu kuma mikro-ARN. Sankara, a taƙaice, ƙwaya ce da ta daina jin "kada". Tun 2002 George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa mikro-ARN guda biyu, miR-15 da miR-16, sun ɓace a jikin yawancin masu wata sankarar jini, kuma daga nan aka shiga neman irin haka a sauran sankarori.

Ƙwayar da ta juya wa Kawu baya sunanta melanosit. Tana zaune a ƙasan fatar sama, aikinta ƙera launin da ake kira melanin, ta ɗura shi a ƴan jakunkuna ta miƙa wa maƙwabtanta don ya kare su daga rana. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin baƙi da fari, yawan launin da irinsa ne suka bambanta. Wani abu kuma: asalinta matafiyiya ce. Lokacin da jariri ke ciki, daga wajen da kashin baya zai fito take tasowa, ta yi ƙaura har ta kai fatar yatsu, sannan ta zauna. Hanyar tafiya tana nan rubuce a kundinta, an dai rufe shafin ne. Wannan yana cikin dalilan da masana ke bayarwa na saurin yaɗuwar melanom.

Ga kaɗan daga abin da aka gano. Akwai wani furotin, MITF, wanda shi ne kamar mai gida a cikin melanosit, shi ke tuna mata ko ita wace ce. Yana sa a fitar da miR-211 da yawa. A 2010 aka nuna cewa ƙwayoyin melanom masu kutsawa cikin nama suna da miR-211 kaɗan ƙwarai, kuma in an mayar musu da shi a ɗakin gwaji sai kutsawar ta ragu. Wannan "kada" ce da ta faɗi daga jimla. Akwai kuma akasin haka. A 2008 masu bincike a Roma suka nuna cewa miR-221 da miR-222 suna ƙaruwa yayin da ciwon ke tsananta, kuma abin da suke rufe wa baki shi ne p27, furotin da ke taka wa rabuwar ƙwaya birki. Ka ga an hana mai hanawa ke nan, korewa a kan korewa, wadda ko a nahawu tabbatarwa take haifarwa. A 2009 a birnin New York aka nuna cewa miR-182 yana danne MITF da wani furotin, FOXO3, kuma in ya yi yawa ciwon ya fi saurin kaiwa huhu a jikin ɓeraye.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne binciken 2016 na ɗakin Carmit Levy a Jami'ar Tel Aviv, tare da masu bincike na Heidelberg a Jamus. Sun nuna cewa tun ciwon yana fatar sama, bai nutsa ba, yakan aika da ƴan jakunkunan nan na launi zuwa fatar ƙasa, cike da mikro-ARN. Ƙwayoyin da ke can su karɓa, halinsu ya canza, su shiga gyara wa ciwon wuri kafin ya iso, kamar yadda ake aika yara su share gona kafin ruwa. Kuma babban abin da ke cikin jakar shi ne miR-211 ɗin nan dai, wanda a cikin gidansa mai tsawatawa ne. Kalma guda, a wannan jimla ta hana, a waccan ta buɗe ƙofa. Duk ɗalibin harshe ya san haka na faruwa. Ban dai zaci har cikin dunduniyar kawuna ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu sani mu da ke nan. Yawancin wannan bincike an yi shi ne a kan melanom irin ta Turawa, wadda rana ke haddasawa a baya da fuska da hannuwa. A 2020 an ƙiyasta sababbin masu ciwon a duniya kimanin 325,000, waɗanda suka mutu kuma kimanin 57,000, kuma mafi yawansu fararen fata ne. Ostareliya da Niyu Zilan ne kan gaba. Shi ya sa ko a cikin ƴan boko za ka ji ana cewa baƙar fata ba ta sankarar fata. Ba haka ba ne. Ta fi ƙaranci a jikinmu, gaskiya ne, amma tana kama mu, kuma inda launi ya yi ƙaranci take zaɓa: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan iri ba rana ke kawo shi ba. Ko canjin da ake samu a umarnin BRAF, wanda ke cikin kusan rabin melanom ta Turawa kuma aka ƙera magunguna dominsa, bai cika yawa a irin tamu ba. Wani bincike na Japan a 2016 ya tarar cewa a tafin ƙafa ta fi fitowa a wuraren da nauyin jiki ke sauka, wato dunduniya da gaban ƙafa. Duk wanda ya taɓa jin waƙar Bob Marley a wajen masu shayi ya san wani da ta kashe: a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa aka gano ta a 1977, aka fara ɗaukarta raunin ƙwallo, ya rasu ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Ƴan uwanmu zabiya kuwa nasu daban ne, su rana ce ke cin fatarsu, kuma galibi wata irin sankarar ce ba wannan ba.

Na yi ta karatu ina neman inda za a ce ga maganin da aka yi da mikro-ARN. Babu shi tukuna ga melanom. An gwada wani mai suna MRX34, kwaikwayon miR-34, a jikin masu sankara iri-iri daga 2013, aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jikin wasu ta yi mummunan tashi har aka rasa rayuka. Dalilin wahalar a fili yake: abin da ke taɓa wasiƙu ɗaruruwa ba ya tsayawa inda ka aike shi kawai. Akwai sababbin magungunan da ke tayar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon, waɗanda aka fara amincewa da su tun 2011, kuma sun tsawaita ran mutane da yawa a ƙasashen masu hali, amma kuɗinsu ba na mai sayar da tumaki biyu ba ne. A ƙasarmu sai a 2021 aka fara gashin sankara da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa da ke Yamai. Abin da ya rage mana, wanda kuma shi ne ya fi ƙarfi ko a Turai, shi ne wuƙa da wuri. Tun 1970 wani masani, Alexander Breslow, ya nuna cewa kaurin ciwon shi ke faɗin makomarsa. In bai kai milimita 1 ba aka yanke, fiye da tara cikin goma suna tsira. In ya wuce 4, an shiga mataki mafi haɗari. Milimita uku ke nan tsakani, kusan kaurin ƙwayar dawa.

Kawu ya dawo ƙarshen Nuwamba, bayan an ɗaure hatsi an sa a rumbu. Ya rame, yana dogara sanda. A matsematsinsa na dama akwai kaluluwa uku masu tauri kamar goriba, ba sa ciwo. Mu mun saba kaluluwa tana fitowa in mutum ya ji rauni a ƙafa, ta yi zafi kwana biyu ta baje. Wannan ba ta baje ba. Aka yi hoto, aka ga tabo a huhu da hanta. Lokotoron ya yi magana, wannan karon gajeriya. Kafin in buɗe baki Kawu ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Malama, wancan zuwa da munka yi, mutumen nan ya daɗe shina magana, ke kuwa taki ba ta kai tsawon sandar nan ba. Na lura. Yau ki ba ni ita duka, kar ki tankaɗe."

Na ba shi duka. Na ce sankara ce. Na ce ta bar ƙafa ta shiga huhu da hanta, kuma aiki ba zai cire ta ba yanzu, sai dai a ba shi abin rage zafi. Na ce tun wancan zuwan lokotoro ya ce kada a jinkirta, ni ce na ce "in da hali". Ina faɗa ina kuka, ɗansa ya juya baya yana kallon bango.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To ai ko kin hwaɗa mini, wa za ya yi mini shuka? Bar kuka. Amma da kin hwaɗi, da ni na zaɓa, ba ke ba."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Ya koma gida, ya biya bashin da ke kansa, ya raba gonakinsa a gaban shaidu, ya sa aka ɗaura auren ɗiyarsa ta uku kafin lokacin da aka sa. Ya rasu cikin azumin 2025, a ɗakinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri da cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Abokiyata ma ta ce ciwon da ya wuce milimita 4 yana tsattsafo da ruwa, sau da yawa ya riga ya aika da ƴan aikensa tun kafin a gan shi. Na ji wannan ma. Amma ba a kan tsawon kwanansa Kawu ya yi mini magana ba. Cewa ya yi na ɗauki zaɓin da yake nasa. Abin da ya yi cikin wata uku da ya san gaskiya ya nuna mini irin mutumin da na raina wa ƙarfin zuciya, ina ganin tausayinsa nake ji.

Mu ɗaliban da muka fito daga ƙauye, kusan kowanenmu tafinta ne ba tare da an naɗa shi ba. Mu ake kira a likita, a wajen alƙali, a ofishin mai gari, a gaban takardar banki. An koya mana cewa ɗa na gari ba ya gaya wa babba magana mai nauyi gatsau, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Hausa tana da hanyoyi da yawa na sassauta magana: a fara da addu'a, a kawo misali, a jira mutum ya zauna, a kira wani dattijo ya tsaya kusa. Duk wannan gyaran murya ne. Abin da na yi daban ne, na cire "kada" daga cikin jimlar. Malaminmu na fassara yakan ce aikin tafinta amana ce, na rubuta a littafi na ci jarrabawa da ita, ban san nauyinta ba sai a wancan ɗaki.

Sauran laifin kuma na kalmomi ne. Ba mu da suna ga wannan ciwo da manomi zai ji ya gane. "Melanom" ba ta ce masa komai. "Ciwon daji" tana tsoratarwa ba ta nuna inda za a duba. Da wata ƙawata muna gwada "baƙar sankarar tafin ƙafa". Ta yi tsawo, na sani, kuma ba ta haɗa da farce da hannu ba, amma aƙalla tana cewa ga launi, ga wuri. Wanda ya samu wadda ta fi ta, ya kawo mu ji a zama na gaba.

Kafin nan ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka je gida hutu, ka dubi tafin ƙafar tsofaffinka, ko da lokacin alwala ne. Baƙin tabo sabo ga babban mutum, wanda gefensa ba daidai ba, launinsa gauraye, faɗinsa ya wuce milimita 6 ko yana ƙaruwa. Baƙin layi a farce guda wanda ke faɗaɗa har ya taɓa fatar gefe. Mikin da ya yi wata biyu bai warke ba, ko an ce ƙaya ce. Yawancinsu za a tarar ba komai ba ne. Amma kada a tsaga, kada a ƙona, a kai likita a nemi a yanki nama a auna. In kuma kai ne ka shiga da shi, ka faɗi abin da aka ce.

Hutun da ya wuce na je ƙauyen. Matar Kawu tana zaune tana saƙar tabarmar kaba, ta miƙe ƙafafu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ara mini ƙahwarki in gani." Ta ce, "Yau kuma mi malama ta zo da shi?" Ta miƙo. Faso ne kawai da kaushi. Na duba ɗayar ma, sannan ta kira kishiyarta da maƙwabciyarsu ta ce su zo su ma a duba su.